Akwatin da Ya Gagari Kawu

Kawuna, ƙanin mahaifiyarmu, mai gyaran kayan kallo ne, kuma a duk layin da yake aiki ban taɓa jin wanda ya kira shi da sunansa na yanka ba. Bari-mu-gani ake ce masa. Ka kawo masa rediyon da ta faɗa ruwa, bari mu gani. Ka zo a guje ka ce talabijin ɗinka ta yi hayaƙi har maƙwabta sun fito da bokiti, bari mu gani. Mahaifiyarmu ta rantse cewa ranar da aka yi masa albishir da ɗansa na fari, abin da ya fara fita daga bakinsa ke nan. Ni mai saurin hawa ce, kowa a gidanmu ya shaida, kuma na daɗe ina ganin wannan sanyin nasa wata hanya ce ta wahalar da bayin Allah.

Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, tsakanin tela da mai sayar da magani. Mutum ɗaya ne ke iya zama a ciki, in na biyu ya zo sai dai ya tsaya a bakin ƙofa ya rusuna. Akwai tebur, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da tsohuwar mitar awon wuta mai allura wadda ya ƙi rabuwa da ita duk da 'ya'yansa sun sayo masa mai lambobi. Ƙarfen narka dalma kullum yana kwance a kan wani gutsuren bulo. Ƙananan ƙusoshin da yake kwancewa kuwa a jikin maganaɗisun wata matacciyar sipika yake manna su, shi ya sa bai taɓa mayar wa mutum kayansa da ramin ƙusa a wofi ba.

Da rediyo ya fara tun yana saurayi, a hannun wani dattijo da ba ya bayani, sai dai ya nuna maka wuri da yatsa ya koma gefe. Kaset ta zo ya koya, bidiyo ta zo ya koya, aka koma faifai, aka koma farantin da ake kafawa a kan rufi. Kowane sauyi sai ya kwashe wasu daga cikin abokan sana'arsa. Wani ya koma sayar da caja, wani ya kama tuƙi, wani ya zauna a gida yana zagin zamani. Kawu kuwa duk abin da ya shigo sabo sai ya nemi lalataccensa ya saya, ya kai gida ya buɗe a kan tabarma, marigayiyar matarsa tana mita cewa ba ta da wurin shimfiɗa ƙafa. Lokacin da ƙananan akwatunan nan baƙaƙe suka shigo, waɗanda ake haɗawa da talabijin a kalli fina-finai ta intanet, furfura ta riga ta cinye masa kai. Sai ya yi tabarau ya zauna ya koya, babu kunya, yana tambayar duk wanda ya shigo shagon abin da bai gane ba.

Abin da ya raba shi da sauran masu gyara shi ne ba ya saurin ɗaukar sukudireba. In ka ajiye masa abu sai ya fara shinshina shi, ya ɗora masa bayan hannu, sannan ya dame ka da tambaya: a ina kake ajiye shi, wa ke kunnawa, da wane lokaci yake yin haka, me kuma ke kusa da shi. Wata mata ta taɓa kai masa akwatinta har sau da dama, yana kunnawa ya ga lafiya lau, har ya bi ta gida ya tarar ta yi masa riga mai ado ta lulluɓe shi ruf, don kada ƙura ta taɓa shi, ga shi can yana ta dahuwa a ciki. Yakan ce na'ura ba ta ciwo ita kaɗai, tare da ɗakin da take ciki suke yi. Da na ji wannan maganar a karon farko dariya na yi, na ce Kawu ya fara tsufa.

To, a gidana ne na ga inda maganar ta dosa.

Surukata, wadda duk muke kira Inna, ta samu shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama da ƙafar dama suka tafi, baki ya karkace, magana ta koma kalma ɗaya ko biyu da ƙyar. Kafin ciwon, Inna mace ce da ko gishiri ba ta taɓa aikawa a roƙo mata a maƙwabta ba. Ita kaɗai ta raini 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, da keken ɗinki da taurin kai. Ni da ita mun sha karawa, ba zan ɓoye ba, domin ni ba na yin shiru ita kuma ba ta ja da baya. Amma ranar da na gan ta kwance ana juya ta kamar jaririya, idanunta a kafe a silin don kada ta haɗa ido da mu, sai da na shiga banɗaki na yi kuka.

Maigidana tayil na daɓen ɗaki yake sayarwa, tun safe yake fita. Ni kuma koyarwa nake yi, yara suna makaranta. Dole muka ɗauki mai jinya, wata bazawara mai 'ya'ya uku, siririya, mai ƙarancin magana. Yara suka fara ce mata Anti, sai kowa ya bi, har maigidan. Ita ke yi wa Inna wanka, ta ba ta abinci a baki, ta juya ta, ta shafa mata mai a baya. Aikin nan shi ne kaɗai abin da take riƙe 'ya'yanta da shi, kuma ta daɗe tana nema kafin ta same shi.

Maigidana yana son mahaifiyarsa, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Sai dai irin mazan nan ne da ba su iya zama kusa da marar lafiya ba. In ya shiga ɗakin sai ya gyara labule, ya taɓa fanka, ya tambayi ko an ba ta magani, ya fita. Sonsa a sayayya yake fitowa. Ya sayo katifa ta musamman, ya sayo keken guragu, daga baya ya kafa mata talabijin a bangon da ke fuskantar gadonta, ya sayo akwatin nan na kallo ya cika shi da irin finafinan da take so. Talabijin ta samu soket ɗinta a can bangon, amma akwatin bai samu ba, sai ya jawo masa doguwar waya ta bin gindin bango daga soket ɗin da ke bayan kan gadon Inna. Ya tsaya ya kalli aikinsa da jin daɗi. Sannan ya ce tunda yanzu Inna ta samu abin ɗebe kewa, ba sai Anti ta wuni a ɗakin ba, ta riƙa haɗawa da wanki da guga da share-share. Ni ma ban ce a'a ba, wankin ya ishe ni.

Ba a jima ba aiki ya fara kwana. In dawo in tarar da kaya a jiƙe a baho, guga an yi rabi. Na tambayi Anti, ta ce akwatin ne yake ɗaukewa ya sake tashi da kansa. Ana cikin kallo sai allon ya yi baƙi, tambarin kamfanin ya fito yana juyawa, ya dawo shafin farko ya tsaya. Inna ba ta iya riƙe rimot, dole ita Anti ta wanke hannu ta zo ta nemo fim ɗin, ta kai shi inda ya tsaya. Kafin ta koma bakin baho ya sake.

Maigida ya tuɓe riga ya hau gyara. Ya zare fulogi ya mayar. Ya goge duk abin da ke cikin akwatin ya sake saitawa tun daga farko, ya sabunta manhajarsa, ya canza wayar da ke haɗa shi da talabijin, ya sayo sabuwar caja, ya matso da na'urar intanet har ƙofar ɗakin. Doguwar wayar ma ya canza ta. Da yamma mu zauna mu kalla tare da Inna, fim ya fara ya ƙare, ko ƙyaftawa bai yi ba. Ranar hutu haka. Amma da an wayi gari mun fita, labari ɗaya ne.

Nan zuciyarsa ta fara raya masa abu. Wata rana ya dawo da tsakar rana ba zato, ya tarar da Anti zaune a bakin gadon Inna da rimot a hannu, fim yana tafiya, wanki yana can yana jiran Allah. Bai yi mata faɗa ba, shi ba ya faɗa, sai dai ya yanke. Da dare ya gaya mini cewa ƙarya take yi, kallon fim take zauna yi ta ɗora wa akwati laifi, kuma wanda zai yi maka ƙarya a kan ƙaramin abu ba za ka bar masa mahaifiyarka ba. Ya ce ƙarshen mako ta tafi, har ya sa a fara nemo wata.

Na tayar da ƙura. Na ce matar da ke goge wa uwarka jiki ba tare da ta yamutsa fuska ba, ita za ka kora saboda baho ɗaya? Ya ce ba baho ba ne, amana ce. Da na ga ihuna ba ya kai ni ko'ina, sai na ce to a kai wa Kawu akwatin. In ya ce da matsala, Anti ta yi gaskiya. Ya yarda, domin yana ganin girman Kawu.

Kawu ya kunna akwatin a shagonsa tun safe har rufewa. Ya gwada cajar da mitarsa, ya dafa shi ya ji ko yana zafi, har ya sa shi a rana ta taga don ya tsokane shi. Akwati ya yi ta waƙa da rawa, tela da mai magani suka sha kallo kyauta. Da maigida ya je karɓa, Kawu ya gaya masa gaskiya, bai ga komai ba. Maigida ya dawo gida ya ajiye akwatin a gabana. Na ji kamar in ɗaga shi in maka da ƙasa. Na kira Kawu a waya na ce ya gama da yarinyar mutane, ya ji daɗi. Ya bar ni na zazzage duk abin da ke cikina, sannan ya ce shi bai ce ya gama aiki ba. Ya ce a shago ya gwada, kuma ba a shago akwatin yake ciwo ba.

Washegari ya rufe shagonsa, abin da ba ya yi ko da zazzaɓi, ya zo gidan da 'yar jakarsa bayan mun fita. Ya mayar da akwatin inda yake, ya ce wa Anti ta ci gaba da aikinta kamar ba ya nan, ya jawo kujera ya zauna a ɗakin Inna. Da ma sun saba tun bikinmu, akwai wasa tsakaninsu. Ya yi ta ba ta labarin mutanen da, wa ya rasu, wa ya aurar da jika, tana amsawa da ido da ɗan gunaguni. Wuni guda akwatin bai ɗauke a gabansa ba. Da na dawo na ji haka, raina ya ɓaci, domin saura kwana ɗaya Anti ta tafi, ga shaida ta biyu ta hau kanta.

Amma a bakin ƙofa, yana sa takalmi, Kawu ya ce mini akwai abu ɗaya. Da ya fita tsakar gida yin alwala ya ɗan jima, yana dawowa ya hangi tambarin yana juyawa. Sau ɗaya ne tak, kuma a lokacin Anti tana can wurin shanya, yana ganinta da idonsa. Ya ce in nemi izini gobe in dawo da wuri, kuma in shigo ba tare da sallama mai ƙarfi ba.

Haka na yi. Na tarar da shi ba a cikin ɗakin ba, a barandar da ke gabansa, ya ajiye kujera a wani lungu. Ya riga ya yi wa Inna sallama tun ɗazu kamar ya tafi. Ya sa yatsa a baki, ya nuna mini inda zan tsaya. Daga nan, ta ƙofar da aka bari a ɗan buɗe, ana ganin madubin kabad, a cikin madubin kuma ana ganin gadon Inna ta gefen bango. Fim yana ta tafiya, wasu suna ta rigima a kan gado. Inna ba ta kallonsu. Ƙofa take kallo. Daga tsakar gida ana jin ƙarar ruwa da bugun wanki.

Mun daɗe a tsaye har ƙafata ta fara tsami, na fara hararar Kawu. Sai na ga hannun hagun Inna, mai lafiyar, ya zame daga kan bargo a hankali. Ya bi gefen katifa, ya shige tsakanin gado da bango, yana lalube. Kafaɗarta ta ɗan motsa. Allon ya yi baƙi, tambari ya fito. Hannun ya dawo kan bargo ya kwanta kamar bai je ko'ina ba.

Ƙarar wanki ta tsaya. Anti ta zo ta wuce mu tana goge hannu a zani, ta ɗan razana da ganina, amma ta shige. Muka ji tana cewa wannan akwati ba ya jin magana, ta zauna a bakin gado, ta ɗauki rimot. Ba ta yi sauri ba. Tana nema tana ba Inna labarin ƙaramar 'yarta da ta cire haƙori, ɗayan hannunta yana gyara mata ɗankwali. Fuskar Inna ta saki, ɓangaren bakinta mai motsi ya ɗaga. Rabon da in ga wannan fuskar tun kafin ciwon.

Na fita tsakar gida don kada a ji ni. Kawu ya biyo ni, ya yi mini bayani a hankali. Bakin soket ɗin bayan gadon ya saki, fulogin yana zaune ne kawai a ciki. In aka ɗan ja wayar sai wuta ta yanke na ƙiftawar ido ta dawo, talabijin ba ta sani ba tunda layinta daban, akwatin ne kaɗai zai mutu ya tashi. Wataƙila da farko hannun Inna ne ya taɓa bisa kuskure, sai ta ga abin da ya biyo baya. Ya ce shi ya yi jinyar matarsa shekaru kafin ta rasu, ya san yadda marar lafiya ke sauraron takun ƙafa a waje.

Da Anti ta fito na tare ta. Na ce ashe kin sani? Ta sunkuyar da kai ta ce ta daɗe da ganewa, wata rana ta shigo da sauri ta ga hannun bai gama dawowa ba. Na ce to me ya hana ki faɗa, ana shirin korarki, kina da yara?

"Ranar da na gani, Inna ta riƙe mini hannu ta kalle ni," in ji ta. "In na faɗa, Maigida zai gyara soket ɗin. Kuma za ta san an sani."

 Sai na koma kan abin da na iya, wato tsara yadda za a yi. Na ce ai abu ne mai sauƙi, a sayo ƙararrawa a ɗaura mata a gefen gado, in tana son mutum ta danna. Kawu ya girgiza kai.

"Ɗiyata, kin fi ni sanin surukarki. Matar nan za ta danna ƙararrawa ta ce a zo a zauna da ita? Za ta wuni tana kallonta ba ta taɓa ba. Yanzu ba ita ke kira ba, akwati ne ya lalace."

Amma ya ce soket ɗin ba zai kwana haka ba, domin wuta mai tartsatsi a bayan katifa ba abin wasa ba ce. Ya sa Anti ta ɗauki Inna a keke ta kai ta wanka, ta kuma ja wankan. Suna fita ya kashe wutar ɗakin, ya janye gadon, ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ƙara. Ya cire tsohon soket, cikinsa har ya yi baƙi, ya sa sabo mai riƙo. Cajar akwatin ya dawo da ita nan bayan gado, ya ɗaure ta yadda ba za ta motsa ba. Siririyar wayar da ke fita daga cajar, wadda wutarta ba ta da ƙarfin cutar da ko jariri, ita ya ƙara wa tsawo ta bi gindin bango zuwa akwatin. A daidai inda hannun Inna ke sauka ya yanke ta, ya saka wani ɗan makunni da ya ciro daga ƙofar wani tsohon firji, irin wanda in an ja ya yanke, in an saki ya koma. Ya naɗe shi, ya ɓoye a bayan katakon gado, ya bar wayar da ɗan sako-sako kamar yadda take a da. Ya kwanta a gefen gadon da kansa, tsoho da furfura, ya zura hannun hagu ya ja ya ji ko ya yi tauri. Ya tashi ya sassauta, ya sake kwanciya ya gwada. Sai da ya gamsu sannan ya mayar da gado, ya share ƙurar bangon da ta zuba, ya gyara bargon.

Saura maigida. Na so in kira shi in juye masa komai a waya, da ƙari. Kawu ya hana. Ya kira shi da kansa ya ce ya taso yanzu, akwai abin da yake so ya nuna masa, kuma ya bar mota a bakin titi ya shigo a hankali.

Maigida ya shigo fuska a ɗaure. A bakin ƙofar falo ya ga jakar Anti, ta riga ta haɗa 'yan kayanta da take bari a gidan, silifas ɗin aiki da zanin wanki da kofinta. Ya kawar da kai. Kawu bai yi masa bayanin komai ba. Ya zaunar da shi a kujerar lungu, ya nuna masa madubin, ya ce wa Anti ta koma bakin baho ta yi wanki da ƙarfi.

Ina tsaye a bayansa ina kallon ƙeyarsa. Ya ga mahaifiyarsa tana kallon ƙofa, fim ɗin da ya zaɓa mata yana ta yi shi kaɗai. Ya ga hannun ya zame. Da allon ya yi baƙi sai na ga kafaɗunsa sun sauka. Anti ta taho tana goge hannu, Kawu ya tare ta da hannu ɗaya, ɗayan kuma ya dafa bayan maigida. Ya raɗa masa cewa ya shiga, amma kada ya kuskura ya nuna ya ga wani abu.

Ya tashi ya shiga. Inna ta ga ɗanta maimakon Anti, hannunta ya ƙanƙame bargo, idanunta suka yi waje. Ya tsaya yana kallon talabijin, ya juya mata baya, ya daɗe a haka. Sannan ya yi magana.

"Wannan akwatin ya ishe ni, Inna. Har Kawu ya zo ya kasa."

Ya zauna a bakin gadon, a wurin da Anti ke zama. Ya ɗauki rimot ya yi ta dannawa, yana wuce fim ɗin yana dawowa, kamar bai san inda yake ba, shi da ya saita komai da hannunsa. Hannun Inna ya saki bargon. Can sai muka ji ta yi wani sauti, ta sake yi, sai a na uku na gane abin da take cewa: bai iya ba. Kawu take nufi, kuma dariya take yi.

Kawu ya ji. Ya ɗauki jakarsa yana murmushi, ya ce mini in kowa ya tambaya a faɗa masa haka, akwatin gidan nan ya gagare shi. Na ce mutumin da ya shekara arba'in yana gina suna, tela da mai magani za su yi ta yi maka dariya. Ya ce su yi, ai sun sha kallo kyauta. Na raka shi har titi. Ban iya yi masa godiya yadda ya kamata ba, sai na ɓige da yi masa faɗa a kan gwiwarsa da ya ƙi kai wa likita.

Da na dawo, maigida ya fito daga ɗakin, idanunsa sun yi ja. Anti tana tsaye a bakin ƙofar falo, ta yafa mayafi, jakarta a hannu, domin lokacin tashinta ya yi kuma babu wanda ya ce mata komai. Suka tsaya suna kallon ƙasa su biyu. Na san mijina, ban haƙuri ba ya fita daga bakinsa da sauƙi, na kuma ƙudura cewa in ya bar ta ta taka ƙofar nan, yau ba mai barci a gidan.  Ya ce wankin nan daga gobe a riƙa kai wa mai wanki. Anti ta ce to, ba ta ɗago ba, ba ta kuma ajiye jakar ba, domin ba ta san ko da ita ake goben ba.

Sai sautin fim ɗin ya yanke daga cikin ɗaki. Duk muka ji.

"Anti, kin ji ya sake," in ji shi. "Don Allah ki duba mana. Ke kika san kansa."

Ta ɗan tsaya. Sannan ta miƙa mini jakar, ta cire mayafin ta ɗora a kan kujera, ta shiga wurin Inna.